Tsuntsun Kurmi Mai Kama Ƙuda

Cikin darussan da a ke koya mana a wannan kwaleji babu wanda ɗalibai suka fi rainawa kamar nazarin halitta, kuma babu wanda ya fi shi tona asirin malami ran da ya tsaya gaban aji. Lissafi yana da amsa a bayan littafi. Amma in yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wane tsuntsu ne wancan mai doguwar wutsiya a kan mangwaro?" to, babu bayan littafin da za a duba. In malam ya yi shiru, ko ya ce tsuntsu tsuntsu ne, yara sun gane shi ke nan, kuma ba za su sāke tambayarsa wani abu ba har shekara ta ƙare. Saboda haka na ga ya kamata in rubuta wa 'yan'uwana masu shirin fita koyarwa labarin tsuntsu guda ɗaya, wanda kusan duk makarantar da ke kusa da rafi ko kurmi za a same shi, don mu san yadda a ke gane shi da abin da za mu gaya wa yara a kansa.

Turawa suna kiransa da wani suna wanda ma'anarsa ita ce mai kama ƙuda na Aljanna, saboda kyaunsa. A littattafan masana kuwa sunansa Terpsiphone viridis. Wani masani mai suna Statius Müller ya fara raɗa masa suna irin na masana a 1776. Kalmar farko ta Girkanci ce, ma'anarta murya mai daɗi, ta biyu kuwa Latin ce, ma'anarta kore. Wanda ya tafi kurmi neman koren tsuntsu zai dawo hannu biyu, don babu kore a jikinsa sai ɗan sheƙin da kansa ya ke yi in rana ta buge shi. Ni a nan zan riƙa kiransa mai-kama-ƙuda, don sauƙi.

Ƙaramin tsuntsu ne. Daga bakinsa zuwa ƙarshen wutsiyarsa ta ainihi inci 7 ne ko kusa da haka, nauyinsa kuwa bai wuce giram 12 zuwa 14 ba. Abin da ya ke sa a ɗauka babba ne shi ne gashi biyu na tsakiyar wutsiyar namiji, waɗanda su ke zarce sauran da inci 4 har zuwa 7. In ya tashi sai ka ga suna bin sa suna kaɗawa kamar ƙyalle a iska. Kansa baƙi ne mai sheƙi, irin sheƙin rawanin ɗan Kura da ya sha bugu, kuma yana da ɗan tukku a ƙeya wanda ya kan miƙe in ransa ya ɓaci. Bakinsa shuɗi ne, kuma akwai wata shuɗiyar fata da ta kewaye idonsa kamar an sa masa kwalli. Gadon bayansa da fukafukansa da wutsiyarsa ja ne irin na sabuwar tukunya da aka gasa, cikinsa toka-toka, galibi kuma da ɗan fari a fiffike.

To, a nan ne fa a ke ruɗewa, don wannan bayanin da na yi na namiji ɗaya ne kawai cikin iri-iri. Akwai namijin da duk inda wancan ya ke ja, shi fari ne fat, baya da wutsiya duka, sai kai baƙi. Akwai kuma wanda ya tsaya tsakani, bayansa ja, dogayen gashin wutsiyarsa farare. Tamata ba ta da dogayen gashin sam, jan ta bai kai na namiji ƙarfi ba, kanta kuma ya fi kusa da toka-toka. Ɗan saurayin da bai gama girma ba kamar uwarsa ya ke. Shi kansa babban namiji in lokacin sāke gashi ya zo ya kan zubar da wutsiyar nan, ya zauna gundul sai ta sāke tsirowa. Ka ga ashe yaro mai lura yana iya kawo maka labarin tsuntsaye huɗu ko biyar, alhali kuwa duk gida ɗaya ne. Masana sun ƙidaya kashi kamar 10 na wannan tsuntsu a wurare dabam dabam, daga Senegal har Habasha, daga nan har Afirka ta Kudu, har ma da kudancin ƙasar Larabawa.

Sa'ad da na je gwajin koyarwa a wata makarantar ƙauye bara, yaran aji huɗu sun yi gardama mai zafi a kan wannan. Rabinsu suka ce farin da jan ƙabila biyu ne, ba su ko ga maciji. Ban yanke musu hukunci ba, sai na ce kowa ya sa ido. Bayan mako biyu wata yarinya ta zo ta ce ta ga farin yana karɓar kwanci daga wata ja mai gajeriyar wutsiya a sheƙa ɗaya, a bakin rafin da su ke ɗiban ruwa. Muka tafi mu duka muka gani da idonmu. Da na yi awa guda ina zana musu a allo, ba za su yarda kamar yadda suka yarda ran nan ba.

Saboda haka abin da na ke gaya wa yara shi ne su fara duban kai. Baƙin kai mai tukku, da shuɗin baki, da shuɗin kewayen ido, waɗannan suna nan ko bayan ja ne ko fari, sai dai na tamata sun fi kodewa. Bayan kai kuma su dubi inda tsuntsun ya ke da abin da ya ke yi, don halinsa ba ya sākewa kamar yadda launinsa ya ke sākewa.

Wanda aka fi gama shi da shi shi ne zalaidu, domin shi ma namijinsa yana fitar da doguwar wutsiya da damina. Amma zalaidu ɗan fili ne da ciyawa, baƙi da fari ne, bakinsa ja ne gajere mai kauri na fasa tsaba, kuma a ƙasa ya ke kiwo. Mai-kama-ƙuda ɗan inuwa ne, da ƙyar za ka gan shi a ƙasa, tsaba kuwa ba ta dame shi ba. 'Yan'uwanmu da za a tura makarantun kudu, inda daji ya yi duhu, za su tarar da wani ɗan'uwansa na kusa wanda cikinsa ja ne maimakon toka-toka, wutsiyarsa kuma galibi ba ta kai ta namu tsawo ba. Inda ƙasashensu suka gamu, su biyun su kan yi barbara su haifi 'ya'ya masu kama da kowane gefe. In an ga irin wannan, a rubuta abin da ido ya gani kawai, kada a tilasta shi ya dace da hoton littafi.

Sau da yawa kunne ya kan riga ido. Kukan da ya fi yi wani ɗan gajeren tsaki ne mai kaushi, "zwet, zwe-et", kamar ana goga wuƙa a dutse, yana yin sa duk yini yana kiwo. Waƙarsa ta ainihi, wadda namiji ya fi yi lokacin aure, ita ce mai daɗin: "twi-twi-twi-twi", da ƙarfi, tana gangarowa kamar ruwa. A ganina wanda ya raɗa masa suna mai murya mai daɗi ya yi masa kara ƙwarai, don in ya yi waƙar sau ɗaya sai ya yi tsakin sau ashirin. Amma tsakin nan shi ne zai nuna maka itacen da ya ke.

Yanzu bari in zo kan abincinsa, don in aka gane wannan an gane dalilin siffarsa duka. Ƙwari ya ke ci: ƙudaje, da malam-buɗe-littafi na rana da na dare, da ƙananan buzuzu, da tururuwa masu fiffike, da tsutsar ganye, da gizo-gizo. Ran da shinge ya fito bayan ruwan farko, ran nan sallarsa ce. Ya kan sauka a reshe cikin inuwa, ya miƙe tsaye, yana juya kai. Da ya hangi ƙwaro ya wuce sai ya zabura, ya bi shi yana murɗawa cikin iska, ya cafke, ya komo reshe. In kana kusa kana iya jin ƙarar bakinsa, ƙas, sa'ad da ya rufe. In ƙwaron babba ne ya kan buga shi a jikin reshe har ya mutu kafin ya haɗiye.

Yana da wata dabara kuma wadda na fi son kallo. In ƙwari sun lafe a ƙarƙashin ganye sun ƙi tashi, sai ya bi rassa yana baza wutsiya kamar mahuci, yana sakin fukafukai ƙasa, yana juyi dama da hagu. Mai kallo sai ya ce rawa ya ke yi ko yanga. Kora ce. Motsin nan ya ke firgita ƙwarin su tashi, shi kuwa da ma abin da ya ke jira ke nan. Wani lokaci kuma ya kan tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike, ya tsinci tsutsa daga bayan ganye ba tare da ya sauka ba. Ko wanka ma daga sama ya ke yin sa: ya faɗo daga reshe ya tsunduma cikin ruwa, ya tashi nan da nan ya koma ya gyara gashinsa, ya sāke faɗowa.

In ka dubi bakinsa daga sama za ka ga yana da faɗi a gindi, a baje ya ke, ba kamar na masu cin hatsi ba. Baki mai faɗi ya fi sauƙin tare abin da ke gudu a iska. Ƙafafunsa gajeru ne marasa ƙarfi, don aikinsu riƙe reshe ne kurum. A gefen bakin kuma akwai waɗansu gashi masu tauri kamar gashin baki. Tsofaffin littattafai sun ce taru ne na tare ƙwari. Amma a 1980 waɗansu masana a Amurka suka gwada wani tsuntsu na can mai irin wannan sana'a, suka ga ko an cire masa gashin yana kama ƙwari yadda ya saba, sai dai ɓarɓashi ya fi shiga masa ido. Watau gashin ya fi kusa da garkuwar ido. Na kawo wannan ne don malami ya san abin da ke cikin tsohon littafin da ya tarar a kabad ɗin makaranta yana iya zama an riga an gyara shi.

Har danginsa ma an gyara. Da can a kan jera shi tare da waɗansu ƙananan masu kama ƙuda masu launin ƙasa-ƙasa, waɗanda su ke zuwa mana daga Turai lokacin da sanyi ya kore su. Binciken ƙwayoyin halitta, musamman na Sibley da Ahlquist wanda aka buga a 1990, ya nuna ba su haɗa kaka na kusa ba. Namu ya fi kusa da zuriyar su hankaka. Sana'a ɗaya ce ta sa suka yi kama, kamar maƙeran gari biyu da hannunsu ya yi kanta iri ɗaya alhali ba su san juna ba. 'Yan'uwansa na jini suna Madagaska da Indiya har Japan, mazansu da dogayen wutsiyoyi kamar shi.

Abincin nan kuma shi ke sa shi tafiya. A dazuzzukan kudu, da kurmin da ruwansa ba ya ƙafewa, ana ganinsa duk shekara. Amma can arewa baƙon damina ne. In hunturu ya busa, ganye ya zube, ƙwari suka yi ƙaranci, sai ya gangara kudu. In hadari ya fara haɗuwa wajen Afrilu da Mayu sai ya biyo ruwa ya hauro, ya yi aure, ya yi 'ya'ya, ya koma wajen Oktoba. Na Afirka ta Kudu ma haka su ke yi, sai dai tasu daminar tana farawa ne sa'ad da tamu ta ke ƙarewa, saboda haka su wajen Nuwamba da Disamba su ke kwanci.

Sheƙarsa abin kallo ce. Miji da mata tare su ke gina ta, a gwafar wani siririn reshe, sau da yawa wanda ya rankwafo kan rafi ko kan hanya, kamar ƙafa 6 zuwa 15 daga ƙasa. Siffarta kamar ɗan ƙoƙo, faɗinta bai kai inci 3 ba. Da zaren ɓawon itace da ƙananan saiwoyi da busasshiyar ciyawa su ke yin ta, sa'an nan su ɗaure duka da yanar gizo, su manne ta a jikin reshen da yanar. Daga waje su liƙa mata gutsattsarin gansakukar nan mai toka-toka da ke fitowa a jikin itatuwa, har sai ta zama kamar wani ƙulli na reshen. Yanar gizo tana da danƙo kuma tana miƙewa, shi ya sa sheƙar ta kan ɗan buɗe yayin da 'ya'ya su ke girma a ciki.

Ƙwai biyu ko uku ta ke yi, farare masu ɗigo-ɗigon ja. Kwanci kamar mako biyu ne, kuma karɓa-karɓa su ke yi. In namiji ne a kai, abin dariya, ga sheƙa an ɓoye ta da wahala, ga wutsiya inci bakwai tana reto a waje tana tallar gidan. Watakila don haka ne su ke da faɗa haka. In shaho ko hankaka ko maciji ya matso, sai su biyun su far masa da tsaki da sura, ko da ya fi su girma sau ashirin. 'Ya'yan kan bar sheƙa suna da kwana 11 zuwa 16, tun wutsiyarsu ba ta fito sosai ba, iyayen kuma su ci gaba da ciyar da su a rassan kusa har waɗansu kwanaki.

Akwai abokin gaban da faɗa ba ya korarsa kullum. Waɗansu ƙananan tsuntsaye ne masu koren baya mai sheƙi, waɗanda Turawa ke kira kuku (ba kukun da ke dafa abinci ba). Su ba su gina sheƙa. Tamatar ta kan faki ido ta saka ƙwanta cikin sheƙar wani, ta yi tafiyarta. In ɗanta ya ƙyanƙyashe sai ya kawar da 'ya'yan masu gida, ya zauna shi kaɗai ana ta yi masa hidima. Wanda ya ga mai-kama-ƙuda yana ciyar da wani ɗa da bai yi kama da shi ba, to, abin da ya faru ke nan.

Game da yawansa, ba ya cikin tsuntsayen da a ke jin tsoron ƙarewarsu a duniya, gaskiya ke nan, kuma ba na son mu riƙa tsorata yara da abin da ba haka ya ke ba. Amma yana iya ƙarewa a gari guda, kuma na ga inda ya ƙare. Kurmin bakin rafi siriri ne, wani wuri bai fi yadi 20 ba kowane gefe. In aka sare shi don gawayi ko don lambun rani, inuwa ta tafi, ƙwarin inuwa sun tafi, shi ma ya tafi. Sa'an nan ga yara da danƙo, waɗanda wutsiyar nan ke jan hankalinsu. Naman jikinsa bai kai loma ɗaya ba, gashin kuma kwana biyu ya yamutse a aljihu. Abin da ke da daɗi shi ne ba shi da wuyar sha'ani. In makaranta tana da mangwaro ko maɗaci ko ɓaure biyar shida da suka haɗa kai suka yi inuwa, kuma ba a fesa musu maganin ƙwari ba gaira ba dalili, ya kan zo ya yi sheƙa ko a bayan aji ne.

Wanda ya ke so ya kai ajinsa kallo, ya fita da su tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe, kada su wuce goma a tafiya ɗaya. Su zauna a gindin itace su yi shiru minti goma, tsuntsun da kansa zai manta da su. In an sami sheƙa, a tsaya nesa da ita kamar yadi 10, kada a taɓa, kada kuma a yi ta zarya har sawu ya fitar da hanya zuwa gindin itacen, don abin da ke cin ƙwai shi ma yana bin hanya. Ni na kan ba yaro ɗaya agogo, ɗaya fensir, su ƙidaya sau nawa iyayen suka kawo abinci cikin minti 15. Sa'an nan mu koma aji su lissafa na awa guda, da na yini, da na kwana 12. Da wannan an yi nazarin halitta, an yi sau, kuma yaron da ya ga adadin ƙwarin da gida ɗaya ke cinyewa ya kan yi tunani kafin ya ɗana dutse.

Masu son ƙarin sani, in hanya ta kai su Jos, akwai dajin Amurum a Laminga, inda aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a 2001, tana aiki tare da Jami'ar Jos. 'Yan Nijeriya da yawa sun koyi wannan ilmi a can. Tsofaffin ɗakunan karatu kuma wani lokaci a kan dace da littattafan Bannerman guda 8 a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, waɗanda aka buga tsakanin 1930 da 1951.

Ina roƙon 'yan'uwa da za su watsu makarantu dabam dabam a ƙarshen wannan shekara, kowa ya buɗe shafi ɗaya a littafin ajinsa, ya rubuta ranar da aka fara ganin mai-kama-ƙuda a garin, da ranar da aka daina ganinsa, da ko mazan wurin ja ne ko fari. Ya tambayi tsofaffin garin sunan da su ke kiransa da shi, ko da Birom ne, ko Angas, ko Tibi, ko Nufanci, ko Jukunanci, ya aiko wa Edita. In muka sami amsa daga makarantu goma sha biyu, daga bakin Binuwai zuwa kan dutsen Jos, za mu iya zana taswirar tafiyarsa a fitowa ta gaba.